Na Murɗa Makulli, Mota Ta Yi "Ƙwas" Ta Yi Shiru: Kiki Ne Ko Batir?

"Assalamu alaikum, Oga. Ina da Toyota Corolla ta 2006, 'yar Kwatano, mai giya otomatik. Kwana goma ke nan, in na murɗa makulli da safe sai in ji 'ƙwas' sau ɗaya, injin ko motsi ba ya yi. Fitilun dashbod duk suna kamawa, rediyo na yi, oda ma na yi. In na yi ta gwadawa sau biyar ko shida, wani lokacin sai ta tashi garau kamar ba ita ba. Batirin sabo ne, watansa huɗu. Bakanikena ya ce kiki ne ya mutu, in sayi wani. Abokina kuma ya ce batirin jabu aka sayar mini. Kafin in kashe kuɗi, don Allah mene ne gaskiyar lamarin?"

Wa alaikumus salam, Malam. Ka kyauta da ka faɗi irin ƙarar da ka ji, domin yawancin masu kirana a waya abin da suke cewa kawai shi ne "mota ta ƙi tashi", alhali cuta biyu ce daban ke ɓoye a cikin wannan magana. Akwai motar da injinta ke juyawa, kana jin "gir-gir-gir", amma ya ƙi kamawa. Wannan sai a nemi laifin wajen mai, filogi, famfon mai ko iska. Akwai kuma wadda injin ba ya juyawa sam, irin taka. Ita wannan babu ruwanta da fetur ko filogi. Ko tankinka a bushe yake ƙayau, kiki zai juya inji. Na sha ganin an canza wa mutum famfon mai a kan motar da ko juyawa ba ta yi, an bar jaki ana dukan taiki.

To tambayarka ita ce: me ya hana injin juyawa, kuma tsakanin bakanikenka da abokinka wa ya fi kusa da gaskiya? A yadda ka kwatanta, bakaniken ya fi kusa, amma ban yarda ka sayi komai ba tukuna. Akwai abu na uku da su biyun suka tsallake, wato hanyar da wutar ke bi tsakanin batir da kiki, kuma a shekarun da na yi ina aikin riwaya, nan ne na fi kama ɓarawon.

Yadda wuta ke tafiya daga makulli zuwa inji

Inji ba ya iya tayar da kansa, sai an juya shi daga waje, kamar yadda ake jan igiyar janareto ko a wana hannun injin niƙa. Motocin farko ma da hannu ake wana su, har zuwa 1912 da kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai kiki na lantarki, aikin wani injiniya Charles Kettering. Tun daga lokacin tsarin bai canza sosai ba.

Hanya biyu ce. Ƙaramar hanya tana tashi daga makulli, ta bi fiyus, ta bi wani maɓalli da ke jikin giya wanda ke tabbatar da cewa motar tana kan P ko N, ta bi rile, ɗan maɓallin da wuta ke kunnawa da kanta, ta isa wata siririyar waya da ke jikin kiki. Aikinta kai saƙo ne kawai. Babbar hanya kuwa ita ce wayar nan mai kaurin yatsa da ta taso daga kan batir mai alamar ƙari ta tafi kiki kai tsaye, sannan wutar ta dawo ta jikin inji, ta bi wayar ƙasa, wadda muke ce wa at, ta koma ɗaya kan batirin. A saman kikin akwai wani ƙaramin gwangwani, solanoid. In saƙo ya iso masa, abu biyu yake yi lokaci guda: ya tura ƙaramar giyar kiki ta cije haƙoran fulawil, babban faifan ƙarfen nan da ke bayan inji, ya kuma haɗa wasu tagulla guda biyu domin babbar wuta ta wuce cikin kikin. "Ƙwas" ɗin da kake ji, shi ne solanoid ɗin yana bugawa.

Ka ga ashe ƙarar ta riga ta ba mu labari mai yawa. In har daga wajen inji take fitowa da ƙarfi, to makulli ya aika saƙo, maɓallin giya ya yarda, rile ya yi aikinsa. Saƙo ya isa, babbar wuta ce ba ta wuce ba. Sai dai ka tabbatar: ka buɗe bonet, wani ya murɗa maka, kai ka saurara. Rile ma yana yin nasa ɗan "tik" a cikin akwatin fiyus, kuma mutane na rikita su. Na solanoid mai nauyi ne, har a jikin mota kana jin sa.

Sauran ƙararrakin ma kowace da fassararta. In ka ji "ƙat-ƙat-ƙat-ƙat" da sauri kamar keken ɗinki, wuta ce ta yi ƙaranci: solanoid ya kama, kiki ya ja wuta, ƙarfin ya faɗi, solanoid ya saki, ya sake kamawa, haka dai. Wannan kusan kullum batir ne ko kan batir. In injin ya juya da ƙyar kamar mai jan ƙafa, batir ya yi sanyi, ko waya ta lalace, ko kikin na gogar jikinsa a ciki. In ka ji "wiii" kiki na gudu shi kaɗai inji bai motsa ba, ƙaramar giyar ce ba ta cije fulawil ba ko tana sulɓewa. In kuma shiru ne tsit, sai a koma ƙaramar hanya.

Fitila ta kama ba shaida ba ce

Ka ce dashbod na kamawa, rediyo na yi, oda na yi. Kada wannan ya ruɗe ka. Manyan fitilun gaba guda biyu duka-duka wajen amfiya 10 suke ja (amfiya ma'aunin yawan wutar da abu ke ja ne), rediyo bai kai haka ba. Kikin mota irin taka kuwa yana jan sama da amfiya 100, a fizgar farko ma ya ninka haka. Batirin da zai kunna maka rediyo yini guda yana iya kasa juya inji ko sau ɗaya. Haka kan batirin da ya yi sako-sako zai bar ƙaramar wuta ta wuce lafiya lau, da babbar ta zo sai ya shaƙe, kamar gadar katako da ke ɗaukar mai keke amma ba ta ɗaukar tirela.

Ga gwajin da ba ya bukatar ko safana. Ka kunna fitilar rufin cikin mota, ka sa mata ido, ka murɗa makulli. In ta mutu ɗif ko ta koma ja kamar garwashi, to batir ne, ko kawunansa, ko kuma kikin yana jan wuta amma wani abu ya riƙe shi. In kuwa haskenta bai ko girgiza ba, ga "ƙwas" ka ji, to kikin bai ja komai ba, wutar ta tsaya a bakin ƙofarsa. A irin labarinka na biyun nake zato, amma zato ba awo ba ne.

Awon kuwa na mita ne, ƙaramar nan da kowane mai riwaya ke da ita. Batirin mota ɗaki shida ne a ciki, kowanne na ba da kusan bolt 2.1 (bolt ma'aunin ƙarfin wuta ne). Cikakken batir da ya kwana bai yi aiki ba zai nuna wajen 12.6. In ya nuna 12.2 rabin caji ke gare shi, in ya sauka ƙasa da 12 ya kusa ƙarewa. Amma awon da ya fi muhimmanci shi ne wanda ake yi daidai lokacin da ake murɗa makulli: bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Na ga batir da yawa da ke nuna 12.5 a tsaye, ana murɗawa sai su zube zuwa 6 ko 7. Batirin ya mutu ke nan. Bayan motar ta tashi kuma, mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.5, alamar altaneta, na'urar da ke cajin batir, na aiki. In ba ta kai ba, to ko batirin da aka ƙera jiya ka sa, cikin kwanaki zai koma fanko.

Game da maganar abokinka: e, sabon batir na iya zama matacce. Wani ya daɗe a shago ba caji, wani tsoho ne aka wanke aka manna masa takarda. Zafin ƙasarmu ma yana cin batir fiye da yadda ake zato. Zafin bazara ne ke kashe shi a hankali, sai sanyin hunturu ya zo ya tona asiri, shi ya sa layin masu batir ke cika a Disamba da Janairu. Amma abin da ya sa ban karkata ga batir ba a motarka shi ne ka ce in ta tashi, garau take tashi. Batir mai rauni ba ya ƙara ƙarfi a gwaji na shida, raguwa yake yi. Abin da ke ƙi sau biyar ya yarda a na shida, wani mahaɗi ne da ke taɓawa yana saki.

Kan batir da wayar at

Nan zan ɗan daɗe, don nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Ka kama kowane kan batir da hannu ka murɗa. In ya motsa, ka ga laifi na farko. Wata huɗu da suka wuce an cire maka su an mayar, kuma ba kowane mai sayar da batir ke ɗaure su yadda ya kamata ba. Wani in ya ga kan ya yi yawa sai ya cusa ƙusa ko guntun gwangwani ya buga da guduma. Yau zai yi aiki, bayan wata uku ga farin gari ko kore ya taru a wajen. Wannan garin daga ruwan batir yake, kuma ba ya barin wuta ta wuce. A kwance kawunan, a fara da mai alamar ragi, a wanke da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, a goge ciki da waje da samfefa har ƙarfen ya yi ƙyalli, a mayar, mai alamar ragi a ƙarshe, a ɗaure tamau, sannan a shafa giris a sama. A kiyaye kada ruwan kanwar ya shiga cikin batirin.

Daga nan sai a bi baƙar wayar. Tana ɗaure a jikin bodi, akwai kuma wata da ke haɗa inji ko giyabos da bodi. Motocin Kwatano da yawa daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara suka fito, saboda haka tsatsa kan ci wayar nan ta ciki, robar waje kuwa tana nan sumul. Wani lokacin kuma an sauke inji ko giya an mayar, yaron gareji ya manta bai ɗaure ta ba.

Akwai wata Honda Accord da aka taɓa jawo mini. Mai ita ya canza batir sau biyu, kiki sau biyu, har an fara ce masa ƙwaƙwalwar motar ce. Na ɗauki wayar jan wuta guda ɗaya, na maƙala bakinta ɗaya a kan batir mai alamar ragi, ɗayan a jikin ƙarfen inji, na ce ya murɗa. Bugu ɗaya ta tashi. Wayar at ce ta rage silli uku ko huɗu a ciki. Mutumin ya tsaya yana kallon tsofaffin kikinsa guda biyu a but, duka lafiyayyu. Wannan gwajin kai ma za ka iya yin sa.

Mai mita kuwa yana da hanyar da ta fi wannan, kuma ina mamakin yadda 'yan'uwana masu sana'a ba su cika yin ta ba. A sa bakin mita ɗaya a kan batir mai alamar ƙari, a kan dalmar kanta, ɗayan a kan babban notin kiki, a murɗa makulli. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ta ɓace a hanya, kuma bai kamata ya wuce rabin bolt ba. A sake yin haka tsakanin kan ragi da jikin kiki. Duk inda lambar ta yi sama, nan ciwon yake. Ko ba mita, bayan an gwada sau biyu ko uku a shafa mahaɗan da hannu a hankali: wanda ya yi zafi shi ne mai laifi.

Idan kikin ne

In batir ya ci jarrabawa, wayoyi sun ci, siririyar wayar na kawo wuta lokacin murɗawa, to bakanikenka ya yi gaskiya, kiki ne. Amma "kiki ne" ba ya nufin "sayi wani". Yawancin Toyota na wancan zamani kikin kamfanin Denso suke ɗauke da shi, kuma sanannen ciwonsa shi ne tagullan nan na cikin solanoid. Duk tashin da mota ta yi sai tartsatsi ya ɗan ci su, shekara da shekaru, har ɗaya ya fi ɗaya lotsewa. Sai faifan da ke haɗa su ya buga amma bai zauna daidai ba. Kowane bugu yana ɗan juya faifan, a na biyar ko na shida sai ya dace da wuri mai kyau, mota ta tashi. Ka ga wannan ya yi daidai da labarinka kamar an auna. A da yawa daga cikin irin wannan kikin ana buɗe murfin baya a canza tagullan da faifan, kuɗinsu bai kai ko kusa da na kiki ba.

Na biyu shi ne burushi, gawayin nan huɗu da ke gogar amecha, sandar da ke juyawa a cikin kiki. In sun cinye, suna taɓawa suna saki. Shi ya sa in an ƙwanƙwasa jikin kiki da safana ana murɗa makulli, wani lokacin sai ya tashi. Dabara ce ta fita daga daji, ba gyara ba ce. Kuma a buga a hankali, don kikin zamani da yawa maganaɗisu ne a cikinsu, duka mai ƙarfi na fasa su, ka tashi daga canjin burushi ka koma sayen kiki dole.

Ra'ayina, kuma wasu za su ƙi shi: kikin asali da aka gyara da kyau ya fi mini sabo mai arha da ba a san wanda ya ƙera shi ba. Shi kuma na Kwatano sayen kifi a ruwa ne, wataƙila tagullansa sun fi naka cinyewa. In za ka saya, a gwada shi da batir a gabanka, kuma a bar maka tsohonka.

Abin da ba na zato, amma a duba

In wata rana ƙarar ta ɓace gaba ɗaya, ka taka birki ka mayar da giya N ka gwada, ko ka riƙe makulli a murɗe kana ɗan girgiza sandar giyar a kan P. In ta tashi, maɓallin giya ne. A wasu motoci masu kuloci irin wannan maɓallin na wajen fedar kulocin. Rile kuwa ana musanya shi da wani irinsa sak a akwatin fiyus a gani. Sai kuma kayan da aka ƙara wa mota daga baya, sikiriti da na'urar bin sawu. Masu sa su kan yanke wayar kiki su murɗa da hannu su naɗe da tef, bayan shekara biyu wajen ya saki. Makulli mai guntun ƙwaƙwalwa a ciki ma yana hana tashi, amma a Toyota irin taka yawanci injin zai juya ne ya ƙi kamawa.

Na ƙarshe shi ne mafi muni: injin da kansa ya ƙi juyuwa. Alamarsa "ƙwas" mai nauyi, fitila ta dushe, wayoyi su ɗau zafi. Ko dai baƙin mai ya ƙare inji ya cije, ko altaneta ko kwamfuresan esi ya daskare ya riƙe bel, ko ruwa ya shiga saman fistin. Na ƙarshen nan duk damina sai mun gan shi: mutum ya kutsa cikin ambaliya, mota ta mutu a tsakiya, ya yi ta murɗa makulli. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sandar fistin ce ke lanƙwashewa. In haka ta faru a cire hannu daga makulli, a jawo motar, a kwance filogi a fitar da ruwan tukuna. Bakanike na gane inji ya cije cikin minti biyu, ya sa safana a notin fulin ƙasa ya juya da hannu. Taka da ke tashi garau ba ta cikin wannan sahu.

Kafin a gyara, ga abubuwan da zan roƙe ka ka kiyaye. Kada ka riƙe makulli a murɗe fiye da daƙiƙa 10, kuma ka ba kikin hutu tsakanin gwaji. Kada ka bari a tura ta, otomatik irin taka ba ta tashi da turi. Kada ka yarda kowa ya cire kan batir inji na aiki wai don a gwada altaneta. A zamanin Fijo 504 an yi haka an kwana lafiya, amma motar da ke da ƙwaƙwalwa wutar na iya yin tsalle ta ƙone ta, ga mita kuwa na yin wannan aikin cikin daƙiƙa biyar. In za a ja maka wuta daga wata mota, jan waya ƙari da ƙari, baƙar kuma daga ragin mai ba da wuta zuwa ƙarfen injinka, nesa da batir, domin batir na fitar da iska mai kamawa da wuta, tartsatsi ɗaya ya isa ya fasa shi a fuskar mutum. Haɗa kiki da sukundireba kuwa ka bar wa masu sana'a. Yin haka na tsallake maɓallin giya, in motar na cikin giya za ta yi gaba da wanda ke tsaye a gabanta.

Ban ga motarka ba, ban ji ƙarar da kunnena ba, kuma cutar da ke zuwa tana tafiya tana da wuyar kamu, don ranar da ka kai ta gareji ranar za ta tashi bugu ɗaya ta ba ka kunya. Saboda haka ka yi gwajin a gida da sassafe, lokacin da take yin halin nata: fitilar rufi, girgiza kawunan batir, waya ɗaya daga ragi zuwa inji. In duk ba su canza komai ba, ka kai ta wajen mai riwaya da yamma ka bar ta ta kwana can, ya sa mata mita da safe kafin kowa ya taɓa ta. In ya kwance kikin, ka ce ya buɗe solanoid ɗin a gabanka ka ga tagullan da idonka.